Kunnen Aro

Tun daren da aradu ta faɗi a bayan Gangare
kwamfutar shagona ta daina ji.
Ba mutuwa ta yi ba, da ta mutu da na huta.
Da safe tana tashi, fanka na juyi, allo na haske,
amma 'yar koriyar fitilar nan ta bayanta,
inda wayar intanet ke shiga,
sai ta ƙifta sau biyu kamar mai gyangyaɗi a wajen wa'azi,
ta ɗauke.

Na zargi waya, na sayo sabuwa, shuɗiya, mita biyar.
Na zargi rauta, na zare ta, na ƙirga talatin, na mayar.
Na kira kamfani, na sauke wa wata yarinya
kwandon faɗan da ba ita ta tara ba.
Allah ya ba ta haƙuri.
Da Nanret ta soka wayar nan dai a tata kwamfutar
sai ga shafi ya buɗe tun ban rufe baki ba.

Ashe ɓarawon na cikin gida ne.

Ɗalibai bakwai a kan benci, kowa da takardarsa,
rajista za ta rufe sha biyun dare.
Ta kama minti uku, ta saki.
Hoton wani yaro ya hau har wuya, ya tsaya.
Ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka titi
zuwa shagon da ban so in ambata.

Davou ya ce a waya, sauya direba.
Na ce mota ce?
Ya yi dariya, ya koya mini. Na sauke, na ɗora.
Kwana ɗaya ta yi lafiya, kamar mara lafiyar da ya ga baƙi.

Ran Laraba na naɗe ta a tsohon zani,
na rungume ta a Keke, ruwan Agusta na dukan tamfol,
har Dilimi.
Ya kwance kusoshi huɗu, ya hure, ya sunsuna,
ya nuna da bakin sukundireba
wani baƙin abu, bai kai farcen jariri ba.
Wannan, Lantana, da shi aka haife ta.
Da dalma aka like shi a jikin babban allo.
In na ce zan ɓamɓare, gidan duka zai rushe.

To, yaya ke nan?

Ya ce ba a cire shi, sallamarsa ake yi.
Ya shiga wani shuɗin ɗaki da ban san tana da shi ba,
ya kashe masa suna, kada a ƙara kiransa.
Ya zaro ɗan kati na gwanjo daga gwangwanin madara,
ya danna shi a rami, ƙas.
Dubu huɗu da ɗari biyar, ban da shayi.

Fitila ta kama. Ba a tsohon wurin ba,
can ƙasa, taki ɗaya.
Tsohuwar kafar ya rufe ta da salatif
don kada hannuna ya koma inda ya saba.

A hanyar gida Baba na tuna.
Shekara ashirin da shida injin kuza na ihu a kansa,
yanzu sai ka tsaya gabansa ya karanci leɓenka.
Na'urar da muka haɗa kuɗi muka saya masa
tana cikin aljihun rigar Juma'a, batir ya mutu.
Cewa yake, kunnen da Allah ya ba ni hutawa yake yi,
ba na jin duniya da kunnen aro.

Na ce da mai Keke ya juya.
Na sayi batir, ƙanana, shida a kati.
Ban san abin da zan ce masa ba tukuna,
ko ta wane gefen zan tsaya in faɗa.